Rafali, Wa Ya Turo Ka Filin Nan?

Idan kai ɗan Gumel ne ka san yadda ake yi bayan Sallah: kowace unguwa da gasarta, ga kofin Alhaji wane, ga na ɗan takara wane. Ana gobe wasa sai a kira alƙali a waya, “Rafali, gobe da la’asar kana ina? Akwai na mai.” Shi kuma ya zuba usur da katunansa a aljihu, ya hau babur sai Gagarawa, ƙungiyar alƙalan wasa ba ta ma san ya fita ba.

Wani yayana alƙali ne mai rajista. A hutun da ya wuce aka kira shi wasan kusa da na ƙarshe a wani ƙauye kan hanyar Maigatari. Saura minti biyu a tashi ya busa fenariti, wani ɗan baya ya wanka masa mari, ya zaro jan kati, jama’a suka ɓarke cikin fili. Wani mai shayi ne ya ɓoye shi har magariba. Wanda ya shirya gasar kuwa wayarsa a kashe. Bayan kwana uku sai ga yaron da ya yi marin a Facebook, yana buga wa wata ƙungiya a Sule Tankarkar, har da hoton murnar cin ƙwallo.

Abokaina suka ce ya kai ƙara ƙungiya. Ya ce me? Tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya tura shi, kuma shi ne ma zai koma mai laifi.

Nan ne na sauya ra’ayi. Da ina ganin ƙa’idar nan ta cewa alƙali mai rajista kada ya busa wasan da ba a tura shi ba sai da izini, mugunta ce kawai ta manya masu son riƙe komai. Amma duba Doka ta 5 cikin dokoki 17 na ƙwallon ƙafa: ta ba alƙali cikakken iko a fili, ta kuma ɗora masa rubuta rahoto zuwa ga hukumar da ke da gasar. Rahoton nan shi ne haƙoran jan kati. Shi ke sa a dakatar da ɗan wasa, a ci ƙungiya tara, a rufe fili. Idan gasar ba ta ƙarƙashin kowace hukuma, wa za ka aika wa? Katin ya mutu tun kafin ka mayar da shi aljihu. Ko a Ingila, inda rafali bai cika shan jifa ba, hukumar FA ta hana alƙalanta busa gasar da ba ta yi rajista ba.

Na san abin da za ka ce, kuma gaskiyarka. Wasannin da ake tura alƙalan yankinmu ba su taka kara sun karya ba, ba kowa ne zai kai ga busa gasar NPFL ba, kuma dubu biyar ɗin nan ta wasan unguwa ita ce cefanen gobe. In ma masu rajista suka ƙi zuwa, usur ɗin zai faɗa hannun ƙanin mai gasa ne, wanda bai san satar fage ba. Wannan ya fi muni.

Shi ya sa ƙa’idar ba ta isa ita kaɗai ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Jigawa da ƙungiyar alƙalai su sauƙaƙa izinin: ba sai mutum ya yi mota zuwa Dutse da takarda ba. Wakili ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan na masarautar Gumel, saƙo ɗaya ta WhatsApp mai ɗauke da sunan mai gasa, fili, da wanda ya ɗauki nauyin tsaro. A biya kuɗin alƙali kafin a take leda.

Yayana dai an sake kiransa makon jiya. Ya ce su fara rajistar gasar, sai suka ce ya fiye iyayi, suka nemi wani.