Kuɗin Karatun Dokta da Makomar Dabbobin Ƙasar Jega

Daga watan Janairu na 2025 Asusun TETFund ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin malaman jami'a masu zuwa ƙasashen waje neman babban digiri, saboda tsadar kuɗin ƙetare da kuma ƙin dawowar wasu. Matakin ya yi wa malamai da yawa zafi. To, amma a fannin lafiyar dabbobi da nazarin irinsu, yana iya zama alheri ga Jega da Aliero da Maiyama.

Sanin kowa ne dukiyar makiyayin wannan yanki ita ce shanu Gudali, da tumaki Uda, da jajayen awakin Sakkwato waɗanda fatarsu ta yi suna har Turai. Malamin da ya shekara uku yana nazarin shanun Ingila zai dawo da ilimi, amma ba na waɗannan ba. In kuwa a gida ya yi binciken, garken makwabtansa ne zai amfana.

Wuraren aikin kuma akwai su. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da gonar gwaji a Jega. Ga sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga cibiyar Vom mai yin alluran rigakafi, ga ta Shika a Zariya, inda aka fitar da kazar nan Shika Brown.

Dattawan makiyaya ba su manta da ɓarnar da bushiya ta yi a 1983 ba. Bincike da rigakafi ne suka kawar da ita daga duniya a 2011. Yanzu 'yar'uwarta mai kashe awaki da tumaki ake son kawarwa nan da 2030, kuma hakan na bukatar masana da suka san burtali da kasuwar dabbobi.

Sai dai akwai giɓi. Kuɗin TETFund na ma'aikatan makarantu ne kurum. Ɗan makiyayi daga Maiyama da ya gama digiri amma bai sami aikin koyarwa ba, ba shi da rabo. Ya kamata Gwamnatin Kebbi da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, su ware wa irinsa gurabe, bisa sharaɗin binciken ya kasance a kan dabbobin yankin, a kuma bayyana wa makiyaya sakamakonsa da Hausa da Fulatanci.