Baƙin ƙyalle 14 da tsohon tabon ƴan Mormon

Yau zan ɗauke ku daga rumfunan babbar kasuwar Maradi da kasuwar Dole ta Damagaram, mu leƙa wani ƙaramin gari mai sanyin tsiya a Amurka, sunansa Larami, cikin jihar Wayomin. A can ne, ranar Juma'a 17 ga Oktoba 1969, aka kori samari 14 baƙar fata daga ekip ɗin ƙwallo ta jami'ar jihar, duka a safiya guda, saboda baƙin ƙyalle da suka ɗaura a hannu. Labarin ya tsufa, amma tambayar da ke cikinsa tana nan da ranta: wanda aka taɓa zalunta, in aka ce masa shi ma yana zaluntar wani, ashe sabon zalunci aka yi masa?

Bari in fara da ƙwallon, don ba irin tamu ba ce. Ƙwallon Amurka mai siffar ƙwai ce, da hannu ake rungumar ta a ruga, ana ture juna kamar ƴan kokawa, kowa da hular kwano. Jami'o'i na samun maƙudan kuɗi da ita. Yaron talaka da ke da ƙarfi da gudu, jami'a kan ɗauke masa kuɗin karatu da ci da wurin kwana, wato abin da ɗalibanmu na Yamai ke kira bursu, shi kuma ya biya da jikinsa a fili. Ga yawancin samarin nan 14, ƙwallon ita ce jarinsu kacokam. Mace mai rumfa ɗaya ta san yadda zuciya ke yi in aka ce za a rushe ta.

A lokacin ekip ɗin Wayomin na tashe. Ta ci kofin yankinsu sau uku a jere, 1966 da 1967 da 1968, kuma a 1969 ta buga wasa huɗu ta cinye duka. Wasa na biyar da Jami'ar Brigham Young ne, ta garin Provo a jihar Yuta, jami'ar da cocin Mormon ya mallaka. Cocin nan tun 1852, a zamanin shugabansa Brigham Young, ya hana baƙar fata ƴan asalin Afirka muƙamin firist. Kada ku ɗauka muƙamin wasu tsirarun manya ne. A wancan lokaci, a cocin Mormon kusan kowane namiji, tun yana shekara 12, akan ba shi wani mataki na wannan muƙami. Ke nan dattijo baƙi mai furfura ba ya samun abin da yaro fari ɗan firamare ke samu. Ba zai yi wa ɗansa baftisma da hannunsa ba, kuma shi da matarsa ba za su shiga haikali a ɗaura musu auren da cocin ke cewa shi ne na har abada ba. Ban da wannan, ƴan wasan Wayomin sun ce a wasan 1968 da aka yi a Provo an zage su zagin launin fata a cikin fili.

Ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe ta jami'ar, ƙarƙashin wani ɗalibi Willie Black, ta kira zanga-zangar lumana. Mai horar da ekip ɗin, Lloyd Eaton, yana da dokarsa: ɗan wasansa ba ya shiga zanga-zanga, kuma ya riga ya gaya wa Joe Williams, ɗaya daga cikin kyaftin ɗin ekip, cewa bai yarda ba. Duk da haka samarin suka tafi wurinsa da kayan gida a jikinsu da ƙyallen a hannu, don su roƙe shi ya bari su sa shi ranar wasa. Bai bari sun buɗe baki ba. A cewarsu, ya zaunar da su a kan bencinan ƴan kallo, ya ce duk sun bar ekip, ya kuma gaya musu maganganun raini, har da cewa su koma jami'o'in baƙaƙe ko su je su ci sadakar gwamnati. Gwamnan jihar, Stanley Hathaway, da shugabannin jami'a suka kwana suna taro, suka tashi suna bayan Eaton. Washegari Wayomin ta lallasa Brigham Young da 40 da 7, ƴan kallo da dama ɗauke da sunan Eaton a hannu.

Murnar ba ta jima ba. Sun ƙara cin wasa ɗaya, sannan aka cinye su huɗu a jere. A 1970 wasa ɗaya tak suka ci cikin goma, Eaton ya bar aikin horarwa. Uku daga cikin 14 sun dawo ekip a shekarar. Sauran suka watse, kowa ya kama gabansa. Tony McGee ya koma wata jami'ar baƙaƙe a Teksas, daga baya ya yi suna a ƙwallon ƙwararru har ya ci babban kofin ƙasar da ekip ɗin Washinton. Amma ba kowa ne ya yi sa'ar McGee ba.

To, yanzu mu juya mu ji ɓangaren ƴan Mormon, don mu ma'aikatan radiyo an koya mana kada mu rufe makirfo sai kowa ya faɗi tasa. Mutanen nan sun sha wuya ta gaske. Joseph Smith ya kafa cocin a 1830. A 27 ga Oktoba 1838 gwamnan Misuri, Lilburn Boggs, ya sa hannu a takardar da ta ce a hallaka su ko a kore su daga jihar. Kwana uku bayan haka aka kashe musu mutum 17 a wani wurin niƙa da ake kira Haun's Mill, har da yara. A 27 ga Yuni 1844 gungun mutane suka kutsa kurkukun Carthage a Ilinoyi suka harbe Joseph Smith da wansa Hyrum. A 1846 suka bar garinsu Nauvoo cikin hunturu, suka yi tafiyar fiye da kilomita 2000 da amalanke da ƙafa, abin da ya zarce Yamai zuwa Diffa nesa ba kusa ba, ayarin farko ya isa kwarin Salt Lake a 1847. Takardar nan ta Boggs kuwa ba a soke ta a hukumance ba sai 1976. Da wannan tarihi ake renon ɗan Mormon, a coci da gida da lakwal.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun Afrilu 1968 ƴan tseren baƙaƙe na jami'ar El Paso suka ƙi zuwa gasa a Provo, aka yanke musu bursu. Cikinsu akwai Bob Beamon, wanda watanni shida bayan haka ya yi tsallen mita 8,90 a wasannin Olimpik na Meksiko. A Nuwamba 1968 baƙaƙen San Jose suka ƙaurace wa wasa. A Nuwamba 1969 Jami'ar Stanford ta ce ba za ta sake shirya wasa da Brigham Young ba. A Fabrairu 1970, ana wasan ƙwallon kwando a Fort Collins ta Kolorado, zanga-zanga ta rikiɗe, har wani ya jefa kwalbar fetur a fili. Ƴan Mormon da dama, da shugaban jami'arsu Ernest Wilkinson a gaba, sun kalli abin a matsayin tsohuwar ƙiyayya ce ta dawo da sabuwar riga, wasu ma suna cewa ƴan kwaminis ne ke zuga ta. Jita-jita ta cika Yuta cewa baƙaƙe na tafe da makamai za su auka wa Salt Lake. Babu wanda ya zo. Shugabannin cocin kuma, a takardarsu ta 15 ga Disamba 1969, suka ce suna goyon bayan baƙar fata su sami cikakken ƴancin ɗan ƙasa, amma maganar firist ta addini ce, tsarin mulki ya ba su damar riƙe ta.

Ni dai a ganina, a nan ne suka karkace. Jefa kwalbar fetur laifi ne, wanda ya jefa ta ya cuci yaran da ke wasa, ya kuma cuci masu zanga-zangar lumana. Amma samarin Larami ba su jefa komai ba. Ba su ce a rufe coci ba, ba su ce a kori kowa daga garinsa ba, ba su ma ce ba za su buga wasan ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ɗan kasuwa da aka taɓa ƙona masa rumfa bisa zalunci abin tausayi ne, kowa ya san haka. Amma in shekaru suka wuce wata mata ta zo ta ce masa tiyarka ba ta cika ba, ba zai ce ga masu ƙona rumfa sun dawo ba. Sai a kawo wata tiya a gwada. Gobarar da aka yi masa ba ta cika masa awo.

Kuma ku duba wanda ya yi hasara a wancan makon. Babu ɗan Mormon da aka kora daga ekip ko daga aji saboda ƙyallen nan. Waɗanda suka rasa wurinsu su ne samari 14 ƴan shekara ashirin ko kusa da haka, nesa da iyayensu, a jihar da baƙar fata ba su fi a ƙirga su ba. Gaskiya ne ba cocin ne ya kore su ba, Eaton ne, kuma shi ba ɗan Mormon ba ne. Wannan sai a faɗa. Sai dai mai ƙarfi a wannan rigima, mai jami'a da dukiya da jiha guda a bayansa, shi ne ya riƙa jin kansa a matsayin wanda ake farauta.

Akwai mai cewa, to ai addininsu ne, ina ruwan wani? Kotu ma kusan haka ta ce. Samarin sun kai ƙara, kuma a 1972 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba jami'a gaskiya, bisa hujjar cewa jami'ar gwamnati ba za ta bar ƴan wasanta su nuna adawa da aƙidar wani addini a filinta ba. Abin mamaki, a Fabrairu 1969 kotun ƙolin Amurka ta riga ta yanke cewa ƴan lakwal a Des Moines na da damar ɗaura baƙin ƙyalle don adawa da yaƙin Biyetnam. Ƙyalle iri ɗaya, shekara ɗaya. Ban raina hujjar kotun ba, don addinin mutum ba abin wasa ba ne, kuma ƙaramin addini ya fi kowa bukatar kariya. Amma dokar da ta ce launin fatarka ya hana ka wani matsayi, kai ta ambata, ko kana cikin cocin ko ba ka ciki. In an ambace ka, kana da bakin amsawa. Mai addini na da damar riƙe aƙidarsa. Damar da ba shi da ita ita ce ya ce wanda aƙidar ta ƙasƙantar ya zo fili ya yi masa wasa, ya tara masa kuɗin tikiti, kuma ya yi shiru.

Abin da ya fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne yadda cocin da kansa ya yi daga baya. A Yuni 1978 shugabansa Spencer Kimball ya sanar da cewa an ɗage hanin. Kafin nan akwai mutane a kudancin Najeriya da Gana da suka shekara da shekaru suna rubuta wasiƙu Yuta suna neman a zo a shigar da su, irin su Anthony Obinna, wanda sai a Nuwamba 1978 aka yi masa baftisma. An buɗe haikali a Akara a 2004, a Aba a 2005. A 2013 cocin ya fitar da bayani yana nesanta kansa daga tsofaffin hujjojin da ake kawowa, cewa baƙar fata alamar la'ana ce, ya kuma yarda cewa a zamanin Joseph Smith an taɓa naɗa baƙaƙe, irin su Elijah Abel. Ke nan abin da samarin suka nuna da ƙyalle a 1969, shi ne mai gida ya zo ya gyara da hannunsa.

Jami'ar Wayomin ta nemi gafararsu a rubuce a Satumba 2019, bayan shekara 50, lokacin uku daga cikinsu sun riga sun rasu. A 2020 waɗanda suka rage suka haɗa hannu da cocin Mormon ɗin nan suka raba manyan motoci na abinci ga mabukata a garuruwansu, lokacin annobar korona. Ɗan Mel Hamilton, ɗaya daga cikin 14, shi kansa ya shiga cocin. A Satumba 2022 Jami'ar Brigham Young ta gayyaci Hamilton da John Griffin ta karrama su a gaban ƴan kallo, ranar wasa da Wayomin. Na ji daɗin wannan, kuma ba na shakkar zuciyar waɗanda suka shirya shi. Sai dai jami'ar da ta kore su ta rubuta kalmar neman gafara ta sa hannu, cocin kuwa ya ɗage hani, ya yi bayani, ya ba da abinci, amma kan shekaru 126 na hanin nan har yau bai furta kalmar ba a hukumance.