Idan Maigida Ya Ce A Watsa Wasiƙar Da Ba A Nema Ba

Wani akawu a kamfanin ciniki ya aiko mana da tambaya. Maigidansa ya sayo jerin adireshin imel na dubban mutane, ya umarce shi da ya aika musu da tallar haja, alhali babu wanda ya nema. Yana tsoron zunubi, yana kuma tsoron rasa abincin iyalinsa.

To, ya ɗan'uwa, talla a kan kanta halal ce. Amma malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a babin ijara cewa aikin da ake karɓar lada a kansa ya zama halattacce. Saboda haka sai mu dubi aikin.

Na farko, izini. Aya ta 27 cikin Suratun Nur ta hana shiga gidan mutane ba tare da neman izini ba. Akwatin imel ba gida ba ne, amma ladabin ɗaya ne. Sa'an nan sau da yawa wanda ya sayar da adireshin, amana aka ba shi don wata bukata daban, ya ci. Na biyu, algus. Idan aka sa sunan ƙarya, ko take mai yaudara don a buɗe wasiƙar, haramcin wannan ba ya bukatar dogon bayani. Na uku, doka. Amurka ta hana irin wannan yaudara tun 2003, ta kuma wajabta ba mai karɓa hanyar cewa a daina. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ita ma ta ba mutum ikon ƙin a yi masa talla da bayanansa.

Shawararmu, kada ka fara da gardama. Ka sami maigidanka a keɓe, ka nuna masa hasarar: masu kula da imel kan tura irin waɗannan wasiƙu kwandon shara, har su toshe adireshin kamfanin, sai saƙon abokan ciniki na gaskiya ma ya daina isa. Ka kawo masa mafita: a rubuta wa waɗanda suka yarda kaɗai, da sunan kamfani a fili, da hanyar fita ga wanda ya gaji.

In ya nace kan yaudara, ka nemi ya ɗauke maka wannan aiki cikin ladabi, domin biyayyar ɗan ƙwadago tana tsayawa inda saɓon Allah ya fara. Ku kuma iyayen gida, ku ji tsoron Allah, kada ku sa na ƙasa da ku zaɓi tsakanin albashinsa da addininsa.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya ciyar da mu halal.