Hasken Rana da Man Fetur: Wanne Ya Fi Araha?

Tun cikin 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai har farashinsa ya ninka wajen sau huɗu, masana ke ta muhawara a kan ko hasken rana zai iya karawa da man fetur ta fuskar araha. A wancan zamani faifan sola kayan kumbon sararin samaniya ne, ba shi da gami da talaka. Amma yanzu zance ya sauya, domin tsakanin 2010 da 2020 kaɗai farashin faifan ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin ɗari, musamman saboda yawan ƙera shi a ƙasar Sin.

A ƙasar Hausa, inda rana ba ta rowa, filin wannan karawa shi ne wurin janareto da injin ban-ruwa. Muddin gwamnati na biyan tallafi, ainihin tsadar mai a ɓoye take. Da aka janye tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Nan ne tela da mai aski da manomin rani suka gane cewa janareto na da sauƙin saye, amma kullum sai an ciyar da shi. Shi kuwa faifan sola yakan shekara ashirin ko fiye yana aiki, ba ya neman komai illa a share masa ƙurar hunturu. Jami'ar Bayero ma ta buɗe tata tashar sola a 2019.

Sai dai araha iri biyu ce. Mai amfani da fetur yana biya ne kaɗan-kaɗan, gwargwadon cinikin ranar, alhali mai son sola dole ya biya kuɗin shekaru a zama ɗaya. Ga kuma baturi, wanda sai da shi ake samun wuta da dare, yana da tsada, kuma yana riga faifan mutuwa. Har ila yau, manyan motoci da jiragen sama suna nan sun dogara ga mai.

Ke nan wajen samar da wuta da ɗebo ruwa da rana tsaka, sola ta riga ta fi araha, abin da ya rage shi ne jari. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, to amma tonon ma sai da kayan aiki. Saboda haka ya wajaba bankuna da ƙungiyoyin manoma da gwamnatocin jihohi su shirya rance mai sauƙin biya, yadda manomi zai riƙa biyan bashin da kuɗin da a da yake sayen mai. In ba haka ba, mai hali zai sha wutar araha, talaka ya ci gaba da sayen mai tsada.