Kafin ku ce mu dawo gida, ina naku 'ya'yan suke karatu?

Jama'a, akwai wani sabon wa'azi da ya shigo bakin manyanmu tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. A ɗaurin aure za ka ji shi, a zaman makoki za ka ji shi, ko taron jam'iyya aka kira a Gumel sai wani mai babbar riga ya karɓi lasifika ya maimaita: wai 'yan uwanmu mazauna Kano su tattara su dawo gida, birni ya yi tsada, a gida akwai rufin asiri. A tafa masa. Kafin rana ta faɗi direba ya tayar da mota an kama hanyar Kano, saboda can uwargida take, can yara suke, kuma gobe Litinin akwai makaranta.

To mu ba za mu tafa ba. Bari mu ɗauki biro mu yi lissafin da magidanci ke yi da daddare in kowa ya yi barci, mu ga a ina gida ya ci, a ina ya faɗi, kuma laifin wane ne.

A fannin tsadar rayuwa babu gardama, gida ya kayar da birni. Wanda ya sauka a Dakata, ko Yankaba, ko Sauna, ko can Gunduwawa ya san kuɗin haya na shekara ake dunƙulewa a biya, ga la'adar dillali, kuma shekara na zagayowa mai gida zai aiko da ƙari. Ruwan da zai yi alwala da shi daga kurar mai garuwa zai saya. Acaɓa an hana shi ɗaukar fasinja a cikin birnin tun 2013, saboda haka duk motsi sai adaidaita sahu, kai da yaranka, safe da yamma. Abin da ya fi ciwo shi ne abinci. Geron da aka noma a Danzomo ko Medu shi ne ake lodawa a kai Dawanau, ɗan kasuwa ya ci ribarsa, mai mota ya ci tasa, sannan ɗan Danzomon da ya koma Kano ya je shago ya saya a kwano. A gida daga rumbu yake ɗiba. Albashi kuwa kada a ruɗe ku: a ƙarshen 2024 Jigawa ta sa mafi ƙanƙanta naira 70,000, Kano ta sa 71,000. Bambancin dubu ɗaya ne, wato kuɗin lita guda ta fetur a lokacin. A batun fansho ma tsohon ma'aikacin Jigawa ya daɗe yana barcin da takwaransa na Kano bai samu ba, don kowa ya ga yadda bashin giratuti ya taru a can shekara da shekaru.

Tun da haka ne, me ya sa har yanzu ake ɗaure katifa a saman mota ana tafiya? Mutanenmu ba mahaukata ba ne, kuma ba fitilun titi ne suka ɗauke musu hankali ba. Ka tambayi magidanta goma, yawancinsu za su ce maka yara.

A nan ne wa'azin mai babbar riga ke lalacewa. Ni ba na cikin masu cewa makarantun gwamnati na Kano aljanna ne. Gwamnan Kano da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, kuma babu mai kiran gobara a gidan da ba ya ci da wuta. Abin da Kano take da shi wanda ba mu da shi zaɓi ne. In ta gwamnati ta cika, akwai ta kuɗi a bayan layi, mai tsada da mai sauƙi, akwai Islamiyya mai haɗa boko, akwai mai koyar da darasi da yamma. A cikin garin Gumel ma da sauƙi: ga makarantu masu zaman kansu, ga Lautai da ta fitar da mutane, ga Kwalejin Ilimi. Amma fa mazaɓarmu ba Gumel kaɗai ba ce. Ƙananan hukumomi huɗu ne, Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Da zarar ka bar kwalta ka shiga rairayi, ka nufi Jeke, ko Galadi, ko Zarada, zaɓi ya ƙare. Firamare ɗaya ce. In akwai malami, to. In babu, yaro ya koma kiwo.

Ku dubi wannan abin kunya fisabilillahi: kwalejin da take horar da malamai ga jihar nan a Gumel take, duk shekara tana yaye ɗalibai, amma ƙauyukan da ke kewaye da ita su ne ke neman wanda zai tsaya gaban allo. Ba na hana wa gwamnati haƙƙinta, shirin J-Teach ya shigar da matasa aji, kuma an mayar da wasunsu ma'aikatan dindindin. Madalla. Sai dai ɗaukar malami daban, zamansa a inda aka tura shi daban. An tura shi ƙauye, babu gidan malamai, babu ruwa, babu wurin da zai ajiye matarsa, saboda haka a gari yake kwana ya hau babur kullum. Da lita tana ƙasa da naira 200 yana iyawa. Da ta haura 600 a cikin 2023, ta zarce 1,000 a Oktoban 2024, wane albashi ne zai ɗauki zuwa sau biyar a mako? Sai malamai su shiga karɓa-karɓa a tsakaninsu, yau wane gobe wane, hedimasta ya kawar da kai don shi ma babur ɗin yake hawa. Kada wani ya zo yana zagin malami. Ba shi ya ƙara kuɗin mai ba, ba shi ya ƙi gina ɗaki biyu a harabar makaranta ba. Amma uban da ke kallon ɗansa ya kai aji biyar bai iya rubuta sunansa ba, ba ya jiran bayani. Yana sayar da raguna ya nemi ɗaki a Tokarawa.

'Ya mace kuwa nata ya fi muni. Ta gama firamare, sakandare tana wani gari, uba ba zai sake ta a daji kullum da ƙafa ba, kuɗin acaɓa babu. Shi ke nan an rufe littafi.

Shi ma wanda ya tafi Kanon ba tsira ya yi ba, kuma wannan ne masu zuga mutane su tafi ba sa faɗa. Har zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da Janar Babangida ya yanke Jigawa, ɗan Gumel ɗan Jihar Kano ne cikakke. Yau ɗan da ka haifa a Kano, ya tashi a Kano, yake magana da harshen Kano, ranar da aka zo rabon wani abu sai a ce ya kawo takardar shaidar ɗan jiha. A 2023 da Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rajista, gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 ta biya wa ɗalibai 7,000. 'Yan asalin Kano. Ba na ganin laifinta, kowa nasa ya sani. Amma ɗanka da ke zaune kujera ɗaya da su sai ya shiga mota ya zo sakatariyar Gumel ko ta Maigatari neman takarda, sannan ya bi layin tallafin karatu na Jigawa. Ka biya haya a can shekara ashirin, ka biya harajin shago, har ƙuri'a ka kaɗa, ranar rabo kai baƙo ne. Duk mai shirin ƙaura ya sa wannan a lissafi tun yaron yana aji ɗaya.

Da yawa sai su raba gida biyu, su ce sun yi dabara. Ko dai maigida yana Kantin Kwari ko Singa yana nema, iyali na gida. Ko kuma iyali na Kano saboda makaranta, shi yana aiki a nan. Wannan dabarar ta yi aiki a zamanin mai arha. Yanzu ku lissafa da ni. Gumel zuwa Kano kusan kilomita 120 ne. A ce motarka tana shan lita ɗaya a kilomita goma, zuwa da dawowa lita 24 ke nan. A tsohon farashi bai kai naira 5,000 ba. A naira dubu kowace lita ya zama 24,000. Ka yi haka duk ƙarshen mako, a wata ka ƙone 96,000, fiye da albashin ƙaramin ma'aikaci ɗungurungum, ba a yi maganar bakanike ba. Mai shiga motar haya a Yankaba ya fi samun sauƙi, amma shi ma direba a jikinsa yake fanshe kuɗin man. Zuwa duk mako ya koma duk wata, duk wata ya koma sai Sallah ko rasuwa. Yara su tashi suna jin muryar ubansu a waya. Wannan asarar ba ta shiga littafin kowane akanta, amma alƙalan kotunan shari'a sun san ta.

Ma'aikacin jiha ma haka yake fama da hanyar Dutse. Saminu Turaki ya taɓa rarraba ma'aikatu zuwa hedikwatocin masarautu, Sule Lamido ya zo a 2007 ya tattara su ya mayar babban birni. Kowanne da hujjarsa, ba ita ce gabanmu yau ba. Abin da ya rage mana shi ne takarda ɗaya tak sai mutum ya kashe wuni da kuɗin cefanen mako.

Ga layin dogo kwance a ƙasarmu tun zamanin Turawa, wanda ya tashi daga Kano ya nufi Nguru. Har gari muke da shi mai suna Gagarawa Tasha. Da jirgi na bi kullum a kan lokaci, da ɗan kasuwa da ɗalibi sun huta da rabin wannan wahalar. Sabon layin da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura ya bi, da reshe zuwa Dutse. Maigatari, mai kasuwar dabbobin da ake sauke raƙuma da shanu daga Nijar duk Alhamis, ko a taswira ba a nuna ta ba. Wa ya tashi a majalisa ya buga tebur a kan wannan? In akwai, a kawo mana hoton bidiyon mu sa a nan.

Kuma in mutum ya dawo, ya dawo ya yi me? Tun zamanin Turaki ake mana kirarin yankin ciniki maras shinge na Maigatari. Yaran da aka haifa lokacin sun yi aure sun haihu, har yanzu riɗinmu da zoɓorodonmu a buhu suke fita, wasu can su sarrafa su ci riba. Iyakar da garin ya dogara da ita an rufe ta a 2019 har zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe ɓangarenta. Kowace rufewa akwai dillali, da mai shayi, da ɗan dako da ya haɗa jakarsa ya yi Kano. A Gagarawa kuma ba mu manta da kukan manoman da aka yanki gonakinsu aka ba kamfani don noman rake ba. Ka ce wa ɗan wannan manomin ya dawo gida ya yi noma, a wace gonar?

Za a ce ai gwamnatin tarayya ce ta jawo. Ƙwarai, kuɗin mai da rufe iyaka daga Abuja suka zo. Amma gidan malamai a Galadi ba ya buƙatar sa hannun shugaban ƙasa. Alawus na musamman ga malamin da ya yarda ya kwana a ƙauye ba ya buƙatar taron ECOWAS. Ƙaramar sakandaren 'yan mata a kowace gunduma, ko motar bas da za ta riƙa zirga-zirga tsakanin Sule Tankarkar, Gumel da Maigatari a farashi mai rangwame, duk aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. Kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafi, su da kansu suna faɗa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. To ciyamomi huɗu muke da su. Kowanne ya fito ya gaya mana nawa ya shigo, nawa ya tafi firamare.

Ba za su ji zafin abin ba, saboda takalmin ba a ƙafarsu yake ba. Wanda ɗansa ke makarantar kuɗi a Nasarawa ko Abuja, ranar da malamin Zarada bai zo ba, shi ba a gidansa aka yi asara ba. Kuma mu daina nuna yatsa waje, a cikin jam'iyyarmu ma suna nan fal, wasunsu mu muka yi musu yawon kamfe a rana. Waɗanda suka riƙe ragamar jam'iyya sun mayar da Gumel wurin zuwa gaisuwa da karɓar sarauta, mu kuma da muke kwana a nan an bar mu da liƙa fosta.

Lokacin zaɓen fidda gwani na tafe, za su fara zuwa da buhunan shinkafa da atamfa. 'Yan uwa deliget, musamman na gundumomin karkara, ga roƙonmu. Duk wanda ya zo neman kujera, daga kansila har ɗan majalisar tarayya, kafin a buɗe taro da addu'a a tambaye shi a gaban jama'a: a wane gari iyalinka suke kwana, wace makaranta 'ya'yanka suke, kuma yaushe rabonka da shiga ajin firamare a mazaɓar nan ba tare da mai ɗaukar hoto ba? A rubuta amsar da sunansa da ranar da ya faɗa, a turo mana. Za mu buga ta yadda ya faɗe ta, ko namu ne ko nasu.