Kwamfuta Za Ta Tuƙa, Amma Wa Zai Duba Ta?

Ranar nan muna hira a hostel, wani abokina ya ce wai mu masu karatun lantarki nan gaba 'yan kallo za mu koma, tunda har tashoshin nukiliya kwamfuta ke tuƙa su yanzu. Na ce masa, "Malam, rabin labarin ka ji."

Gaskiya ne ana sauyi. Tsofaffin tashoshin da mita mai allura da makunnai da tulin wayoyi aka gina su, kuma kayan gyaransu sun fara wuyar samu. Shi ya sa ake komawa ga na'urorin dijital, masu duba lafiyar kansu da kansu. A 2011 tashar Oconee da ke Amurka ta mayar da tsarin kashe tukunyarta na gaggawa kan kwamfuta. Ban da ja a kan wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce an gama da mutum.

A 1979, a tashar Three Mile Island, can Amurka dai, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya tukunya yana ta zurarewa. Fitilar ɗakin sarrafawa kuwa ta sa ma'aikata sun ɗauka a rufe yake, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika umarnin rufewa. Sai da aka haura awa 2 kafin a gano, daga ƙarshe wani sashen cikin tukunyar ya narke. Wannan tun zamanin allura ke nan, amma allon kwamfuta ma abin da aka faɗa masa yake faɗi. Har ma ya zo da nasa ciwon: kuskure ɗaya a manhaja na iya kama duk na'urorin da aka ɗora ta a kansu lokaci guda. Ga kuma kutse. Cutar Stuxnet da aka gano a 2010 ta riƙa lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran, allo yana nuna komai lafiya lau.

Kada wani ya ce ina ruwanmu. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya, NIRR-1, tun 2004. Ta bincike ce, ba ta ba da wuta. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin ƙarfi. 'Yan ƙasarmu ne ke gudanar da ita, ba aljanu ba.

Mu dawo gida ma. Ga dam ɗin Bakolori nan a ƙofarmu, shi ke shayar da gonakin Mafara da Bakura da Maradun. A ce gobe an ɗora ƙofofin ruwansa kan kwamfuta, allo ya ce ruwa ya tafi, ƙofa kuwa ta cije. Shinkafar baban wa za ta bushe? Dole sai da wanda zai ɗauki mita ya je ya gwada, ya ce na'urar nan ƙarya take yi. Wannan aikin ɗan poli ne.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu: a rage kuɗin shagali, a nemi izini a kai mu ziyarar karatu cibiyar Zariya da Bakolori, a kuma shirya mana bita kan PLC. Mu kuma ɗalibai, mu daina zille wa firaktikal muna jiran a kwafa mana rahoto. Mu koyi manhaja, amma kada mu raina waya da mita. Ranar da allo ya yi ƙarya, ba mai haddar handawut za a nema ba.