Mun Je Biki, Mun Baro Bashi

'Yan uwana mata, 'yan mata da matan aure, na birni da na karkara. Maganar da zan yi yau da mu duka nake, ban cire kaina ba, don kuwa in laifi ne ni ce ta kan gaba. Wadda ta ji zafi ta yi haƙuri, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ni 'yar Baturiya ce, ta ƙaramar hukumar Kirikasamma a ƙasar Haɗeja, jihar Jigawa. Aure ne ya kawo ni Kano, yau shekara goma sha huɗu ke nan. Amma duk shekara in kaka ta yi, sanyi ya fara busawa, sai na haɗa 'yan kayana na nufi tashar 'Yan Kaba, mu bi ta Ringim, mu wuce Gujungu, mu sauka Haɗeja, sannan in sake mota zuwa gida. A wannan lokacin ne ake bukukuwa a wajenmu, saboda an yanke shinkafa, ruwan fadama ya fara ja da baya, masunta sun samu kifi, kowa da ɗan abin da ya riƙe a hannu. A ƙarshen shekarar 2024 biki uku na tarar a jere: na 'yar Kawuna, da na 'yar Gwaggona, da na wata 'yar maƙwabtanmu da aka goya a gidanmu. Na tafi da murnata, na dawo da abin da ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara tuna muku yadda na taso na ga ana biki a garinmu, don 'yan matan yanzu su san ba tatsuniya ba ce. In an sa rana, ba uwar amarya kaɗai ke da biki ba, unguwa ce gaba ɗaya. Wannan ta aiko da kwano biyu na shinkafa, waccan ta aiko da ɗaurin itace, matar masunci ta kawo bandar tarwaɗa, Fulanin ruga su kawo ƙwaryar nono. Mu 'yan mata tun da asuba muna bakin turmi, ana surfe ana luguden taɓarya ana dariya. In an sauke tuwo a zuba a akushi, mata biyar ko shida su kewaye shi a kan tabarmar kaba, matar mai kuɗi da matar talaka hannunsu a miya ɗaya. Kowa ta zo da zanen da Allah Ya hore mata, in dai wankakke ne shi ke nan. Gudummawar da kika kai kuwa ajiya ce, ranar naki bikin za ta dawo miki har da ƙari. Da haka talaka ke aurar da 'yarsa ba tare da ya kwana da tunanin mai bin sa bashi ba.

To, me na tarar a wannan zuwan? Tun kafin in baro Kano an aiko mini da hoton anko ta waya, kala uku, kowane biki da nasa, mafi araha a ciki naira 12,000, ban da kuɗin ɗinki, ban da gwaggwaro. Ranar wunin 'yar Kawu ina ta baza ido ina neman ƙawata ta ƙuruciya, wadda muka yi tallar goruba tare, muka yi makarantar allo tare, ban gan ta ba. Da la'asar na zame jiki na je gidanta, na same ta lafiya lau tana tsintar shinkafa. Na ce, "Haba ƙawa, yaya za ki yi mana haka? Ko laifi aka yi miki?" Ta yi murmushi ta ce, "Ke dai bari 'yar uwa. Da wane ido zan shiga cikinku, kowa ta yi shigar iri ɗaya, ni kaɗai kamar baƙar tunkiya a garke? Na dai aiki yarinya da 'yar gudummawata tun da safe." Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar da ta aika da shinkafar da muka ci, ita ce ba ta da fuskar zuwa ta ci tare da mu.

Abincin ma da ake magana, ina akushin? Yanzu an koma 'yar robar nan mai murfi, a zuba dafa-duka da yankan nama ɗaya, a ƙirga kawuna. Masu rabo kuwa anko suke dubawa, wadda ta sa ita ake fara miƙa wa. Kowa ta karɓi tata ta tura a jaka, ko ta juya baya ta ci ita kaɗai kamar mai cin na sata. Na ga tsofaffi uku a gindin bango har aka watse ba a kai kansu ba. Gwaggona ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan bikin naku na zamani, ana zuwa da yunwa a koma da ita, sai dai hoto." Ban iya ce mata komai ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Kawu. An matsa masa lamba sai an yi wa yarinya kujeru saiti guda, da gado irin na birni, da firji, alhali ɗakin da za a kai ta ko wuta ba a ja masa ba. Ga gara kuma, buhunan shinkafa da jarkar mai da alkaki da dubulan, wai kada dangin miji su raina ta. Bawan Allah ya sayar da shinkafar da ya ajiye har da ta iri, bai isa ba, ya jinginar da gonarsa ta fadama. An yi biki an tashi, mu baƙi mun shiga mota, shi kuwa an bar shi da rumbu wayam.

Ku kuwa kun san irin ƙasar da ake yi wa wannan ɗorin? Arzikin mutanenmu a bakin ruwa yake, ruwan kuwa ba shi da tabbas. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani wuri ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya. A cikin kacalar nan tsuntsayen jan baki ke samun mafaka, su fito su sauka a gonar shinkafa, yara su wuni suna kora. A 2020 ambaliya ta ci gonaki a ƙasar Haɗeja, a 2022 ta sake dawowa ta rushe gidaje ta kwashe amfanin gona. Aka shiga 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na ban ruwa da na taki suka yi sama. Manomin da ke cikin wannan hali, shekara ɗaya ya samu, shekara ɗaya ya rasa, shi ne za mu ɗora wa bikin da ko ma'aikacin banki a Kano sai ya yi gumi kafin ya sauke? Ina tausayi, ina tsoron Allah?

Kada wata ta ce mutanen ƙauye ne suka ɗora wa kansu. Ƙarya ne, mu ne muka kai musu. Mu da aure ko karatu ya kai mu Kano da Kaduna da Abuja, mu ne muke sauka da akwati, muna yatsina, muna cewa, "Ai yanzu an daina yin haka." Ni da bakina na faɗa. Lokacin bikin ƙanwata ni ce na shiga Kantin Kwari na ɗauko atamfa na ce ita ce anko, shi ne na farko a gidanmu, ina jin kaina na kawo wayewa. Wanda ya biyo baya sai uwar amarya ta ce ai nata ba zai gaza na 'yar wance ba, aka ƙara da mai kwalliya daga Haɗeja. Na bayansa aka ƙara da mai kiɗan na'ura da rumfar haya. Yau ga inda muka tsinci kanmu. Mu mun kunna wutar mun koma birni, su aka bari da hayaƙi.

Abin dariya abin takaici, a birnin da muke kwaikwayo har wata rana aka riƙa warewa a cikin biki, wai ita ranar ƙauyawa. 'Yan mata su biya kuɗi a ɗaura musu zane iya gwiwa, a yi musu kwalliyar ɗige-ɗige, su ɗauki ƙwarya da faifai da ludayi a yi musu hoto. Wato abin da muka sa iyayenmu suka ji kunyarsa suka jefar, shi 'yan birni ke haya su yi ado da shi. Su suna wasa da rayuwarmu na yini ɗaya, mu muna cin bashin shekara don mu yi kama da su.

Na san abin da wasu za su ce. Wata za ta ce, "Ai aure sau ɗaya ake yi, a bar yarinya ta ji daɗinta." To, madalla. Amma wanne ya fi mata daɗi, hoton kwana ɗaya, ko ta zo ganin gida ta tarar da mahaifinta da abin da zai ci da damina? Yarinyar da ta san an jinginar da gona saboda kujerunta, ko zama ta yi a kansu ba za ta ji laushi ba. Wata kuma za ta ce, "Anko ai haɗin kai ne, yana ƙawata taro." Haɗin kan da ya bar ƙawata a gida tana tsintar shinkafa? Abin da ya raba mai shi da marar shi a ƙofar gida ba ya haɗa kai, tantancewa yake yi. Wata ta ce, "Masu ɗinki da 'yan kasuwa fa, da me za su ci?" Su ma 'yan uwanmu ne, Allah Ya ba su kasuwa, amma mai hali ta ɗinka goma in ta so, ba wanda ya hana ta. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi tikitin shiga gidan ɗan uwa.

In kuwa addini ne, malamanmu kullum suna faɗa mana cewa auren da ya fi albarka shi ne wanda aka sauƙaƙa. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne. Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu, duk da shahararsa a fatauci, da ya yi aure umarnin da aka ba shi shi ne ya yi walima ko da da akuya ɗaya. Walima kuwa ciyarwa ce, har an yi gargaɗi a kan wadda ake kiran mawadata a bar matalauta. Ku auna wannan da rabon robarmu. Kuma ku duba, a watan Oktoba na 2023 sai da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin aurar da mutum 1,800 maza da matansu a lokaci guda. An gode mata, amma ai abin kunya ne gare mu a ce mun tsawwala aure har sai hukuma ta sayi gado da katifa kafin 'ya'yan talakawa su shiga ɗaki.

Dajin Baturiya sananne ne har a ƙasashen waje, tun 2008 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya da ake kiyayewa, saboda tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wajenmu. Lokacinsu ɗaya da namu, su ma baƙin kaka ne. Su zo su sha ruwa, su yi kiwo, in zafi ya gabato su tashi, ba su bar wa kowa asara ba. Jan baki kuwa in ya sauka ya tashi sai manomi ya ɗora hannu a ka. Kowace 'yar birni da ke zuwa gida biki ta tambayi kanta, a cikin biyun nan wacce ce ita?

Ga abin da nake roƙo, ba mai wuya ba ne. Ke da za ki je gida, kuɗin ankon nan ki sayi shinkafa ko mai ko sabulu ki kai wa uwar amarya a ɓoye, ya fi mata amfani. Ki sa kayan da kike da su, in an tambaye ki ki ce haka kika ga dama, don in ke mai hali kika ƙi, marar hali ta samu inuwar fakewa. Ki cire gyale ki shiga madafa, ki kama tuƙin tuwo, kada ki zauna a kujera ana kawo miki kamar baƙuwa a gidan ubanki. Ke uwar amarya, ki dawo da babban kwano, a fara zuba wa tsofaffi da maƙwabta kafin 'yan hoto. Ke uwar ango, ki daina leƙa ɗakin surukarki kina ƙirga tukwane, in babu gara ki ce Allah Ya sa albarka, gobe taki 'yar za a kai gidan wasu. Ke kuma amarya, ki buɗe baki ki ce, "Baba, kada a taɓa gona saboda ni." Wannan kalmar ta fi duk wani lefe daraja.

Kafin in baro gida na koma wajen ƙawar nan tawa da daddare. Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka da bandar kifi, muka zauna a tabarma ni da ita da 'ya'yanta, kwano ɗaya, muna tuna wautar ƙuruciya har dare ya raba. A duk bukukuwan nan uku ban ci abin da ya kai shi daɗi ba. Na yi mata alkawari, na kuma yi wa kaina, in Allah Ya kai mu bikin 'yarta ba anko, ba roba, ni zan fara kai itace.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya rufa wa iyayenmu asiri, Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, amin. Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba.